Xeon ko Core i5? Zo mu yi lissafi kafin ka zuba kuɗinka a furosesan saba

Kusan duk wata sai wani ya turo min hoton talla a WhatsApp, wai furosesan Xeon mai kor 14 (kor su ne ƙananan ma'aikatan da ke cikin furosesa) haɗe da madabod da RAM 32GB, kuɗin kamar an tsinta a titi, ya ce malam ya ka gani in ɗauka? Ban taɓa ganin laifin mai tambayar ba don ni ma ta nan aka kama ni. Shekarun baya na je na kinkimo wata tsohuwar saba irin mai faɗin nan da ake zurawa a rak, furosesa biyu ne a cikinta, ina ta murna na yi kamun kai, ina kunna ta a ɗaki fankokinta suka ɗau kuka kamar jirgi zai tashi, Hajiya ta leƙo daga tsakar gida ta ce kai kuma injin markaɗe ka kawo mana? Kafin ƙarfe biyun dare inbata ta fara ƙara batir ya yi ƙasa. Kuma aikin da na sayo ta dominsa fa bai wuce ajiye fayil da manhajar lissafin shago na kwamfuta shida ba, aikin da daga baya wata ƙaramar destof mai kamar girman littafi ta riƙe shi ba tare da kowa ya san tana kunne ba.

Toh bari mu bi abin daki-daki yadda nake bi da duk wanda ya tambaye ni yanzu.

Da farko dai ka raba abu biyu a kanka. Saba aiki ne, wato duk kwamfutar da take zaune tana yi wa wasu kwamfutoci hidima ta zama saba, ko da Core i3 ne a cikinta. Shi kuma furosesan saba wani nau'in kaya ne daban da kamfanoni suke ƙerawa don manyan wuraren ajiyar bayanai: Intel suna da Xeon tun 1998, AMD suna da EPYC tun 2017. Na destof su ne waɗanda muka saba da su, Core i3, i5, i7, i9 da Core Ultra a ɓangaren Intel, sai Ryzen a ɓangaren AMD. Don an ce maka kana buƙatar saba ba shi ke nuna dole sai Xeon ba, yawancin asarar da mutane ke yi daga nan take farawa.

Mataki na farko, ɗauki biro da takarda ka rubuta aikin da injin zai yi, ba a kai ba, a takarda. Sunan manhajar, mutum nawa za su yi amfani da ita a lokaci guda, awa nawa za ta yi a kunne a rana. In ka rubuta sai ka duba wane irin aiki ne, don aikin kwamfuta kala biyu ne. Ka ɗauka kana Dawanau, ga tirela cike da buhunan masara za a sauke, a nan yawan leburori ne ke da amfani, dattawa goma sha huɗu za su iya kamo samari shida. Amma in saƙo ɗaya ne za a ruga a kai bakin kasuwa a dawo, mutum ɗaya ne zai je, sauran goma sha ukun zaman kallo za su yi, abin da kake so shi ne mai ƙafa. Wasan gem, CorelDraw, Photoshop, AutoCAD, Excel, burauza, manhajar sayar da kaya ta shago, duk yawancinsu aikin mai ƙafa ne, kor ɗaya zuwa kaɗan masu gudu suke so. Renda, wato fitar da hoton 3D, a manhajar Blender, matse bidiyo masu yawa, rumbun bayanai da mutum ɗari ke bugawa lokaci guda, ko kunna kwamfutocin bogi goma a cikin inji ɗaya, waɗanda ake ce wa VM, wannan shi ne sauke tirela.

Misali na kusa, wancan Xeon ɗin da ake yawan tallatawa, E5-2680 v4, na 2016 ne, kor 14, yana tashi daga 2.4GHz iyakarsa 3.3GHz, wat 120. Ka ajiye shi kusa da Ryzen 5 5600 na 2022 mai kor 6 kacal, yana kaiwa 4.4GHz, wat 65. A aikin kor ɗaya Ryzen ɗin zai bar shi da ƙura ne kawai, a aikin da ake tara duk kor ɗin ma kusan kunnen doki suke yi ko ma ƙaramin ya ɗan wuce, alhali yana shan kusan rabin wuta. Shekara shida tsakaninsu ba wasa ba ce, kowane kor na sabon yana gama aiki mai yawa a kowane bugu fiye da na tsohon, shi ya sa kwatanta GHz da GHz ko kor da kor tsakanin zamani biyu yaudarar kai ne. Ka rubuta cikakken sunan furosesa biyun a shafin PassMark ko ka nemi sakamakonsu a Cinebench, manhajar gwada gudun furosesa, ka duba lamba biyu, ta kor ɗaya da ta duka, sai ka koma takardarka ka ga wacce ce ta shafe ka.

Mataki na biyu shi ne tambayar da ta fi komai raba gardama: in injin nan ya mutu na awa uku, ko ya yi kuskure a lissafi ba ka sani ba, me za ka rasa? In amsar ita ce tsaki kawai za ka yi ka sake kunnawa, toh ka gama, je ka sayi destof. In kuma bayanan marasa lafiya ne na asibiti, ko kuɗin mutane, ko ɗalibai ɗari biyu suna zaune suna jarrabawa, nan ne kayan saba ke nuna amfaninsu, kuma ba a gudu ba, a juriya. Babban abin shi ne ECC. RAM wani lokacin yana juya ɗigo ɗaya na bayani, 0 ya koma 1, saboda zafi ko tsufa ko rashin kyawun wuta, a destof na gama-gari ba wanda zai faɗa maka, sai dai ka ga kwamfuta ta yi shuɗin allo ko fayil ya ƙi buɗuwa bayan wata uku. RAM mai ECC yana gano kuskuren ɗigo ɗaya ya gyara nan take, in biyu ne ya kai rahoto. Ga injin da ake kashewa kullum da yamma wannan ba wani abin damuwa ba ne sosai, amma ga wanda zai yi wata shida bai huta ba yana riƙe da bayanan da ba a son su gurɓata, yana da daraja.

A nan akwai rami da mutane da yawa ke faɗawa. ECC kala biyu ne, akwai RDIMM wanda manyan saba ke amfani da shi, akwai UDIMM irin na destof. RDIMM na gwanjo yana yawan araha, sai mutum ya gani ya saya zai saka a madabod ɗin Core i5 ɗinsa, ramin ma zai shiga daidai in DDR4 ne, amma kwamfutar ba za ta tashi ba ko ka kwana kana dannawa. Sannan DDR5 da ake rubuta wa yana da ECC a cikin guntun kansa, wannan ba shi ne cikakken ECC ɗin da muke magana ba, kar mai shago ya rikita ka da shi.

Bayan ECC, cikakkiyar saba irin Dell PowerEdge ko HP ProLiant tana zuwa da fawa-fak biyu, ɗaya ya ƙone ɗayan ya ci gaba, da faifan ajiya da ake zarewa a canza tana kunne, da wata ƙaramar kwamfuta a jikin madabod, Dell suna ce mata iDRAC, HP suna ce mata iLO, wadda za ka iya kunna injin ko ka kashe ko ka sake masa Windows daga nesa ko da ya daskare. In sabarka tana Kaduna kai kana Zariya wannan abin kaɗai ya isa dalili. Amma ka lura duk waɗannan ba a cikin furosesa suke ba, a madabod da gangar jikin injin suke.

Wannan ya kawo mu mataki na uku, ka yi farashin injin gaba ɗaya, ba furosesa shi kaɗai ba. Xeon E5 v3 da v4 soket ɗinsu LGA 2011-3 ne, ba ya shiga madabod ɗin Core na yau da kullum, EPYC kuma SP3 ko SP5, madabod ɗinsu kaɗai zai iya fin kuɗin destof sukutum. Yawancin furosesan saba ba su da girafik a cikinsu, ke nan in ba madabod mai nasa ba ne sai ka ƙara kuɗin katin girafik kafin ma ka ga hoto a allo, kuma ka rasa Quick Sync ɗin Intel da ke taimaka wa masu editin bidiyo sosai. Su kuma madabod ɗin nan masu rubutun X99 da ake haɗowa da Xeon a AliExpress, da yawansu ba ainihin X99 ba ne, tsofaffin cif na destof aka ciro aka ɗora, wasu ma hanyar RAM biyu kawai suka buɗe maimakon huɗu, ba iDRAC ba fawa-fak biyu. Wato ka sayi furosesan saba amma duk abin da ya sa saba ta zama saba babu shi. Ban ce ba sa aiki ba, na ga wanda ya yi shekaru yana yi, ga ɗalibi mai son koyon VM da kuɗi kaɗan ba laifi, amma ba zan ɗora bayanan kasuwancin wani a kai ba wallahi.

In dai Xeon na gwanjo kake so ido rufe, ni shawarata ka nemi irin HP Z440 ko Dell Precision T5810. Akwati ne a tsaye kamar destof, ba su da hayaniya, suna ɗaukar E5 v3 da v4 da RAM mai ECC, kuma kamfani ne ya haɗa su ba haɗe-haɗe ba. Matsalarsu ɗaya, fawa-fak ɗinsu na musamman ne, in ya ƙone ba kowane shago za ka samu ba, sai ka tambayi mai sayarwar ko yana da na canji tun kafin ka biya.

Mataki na huɗu gajere ne: RAM nawa, kati nawa? Destof hanyar RAM biyu gare shi, rami huɗu, na DDR4 yana tsayawa a 128GB. Xeon E5 hanya huɗu ne, EPYC 7002 da 7003 takwas, 9004 goma sha biyu, suna ɗaukar RAM har terabait. Haka layukan PCIe da ake jona katin girafik da faifan ajiya na NVMe da katin netwok, destof yana da wajen 20 zuwa 24, E5 yana da 40, EPYC 128. In katin girafik ɗaya da SSD biyu za ka saka, wannan sakin layin bai shafe ka ba, wuce. In kana son kati huɗu don horar da AI ko RAM 512GB, toh destof ba zai ɗauka ba ko ka so, zaɓi ya zaɓi kansa.

Yanzu ga inda namu lissafin ya bambanta da na mai bidiyon YouTube da ke zaune a Amurka ko Jamus cikin sanyi da wuta ba yankewa, wato mataki na biyar, wuta da zafi da ƙura. Ɗauki wat ɗin da injin ke ja ka ninka da 24 ka ninka da 30 ka raba da 1000, shi ne yunit ɗin da zai sha a wata. A ce tsohuwar saba mai furosesa biyu tana jan wat 150 tana zaune, yunit 108 ke nan a wata. Ƙaramar destof mai jan wat 30, yunit 21.6. Ka ninka da kuɗin yunit a layinku, in Band A kake ka san ba sai na faɗa maka ba. Na batir ya fi ciwo, batir 12V 200Ah wat-awa 2400 ne a rubuce, in irin na ruwa ne rabi ake so ka sha don ya yi ƙarko, 1200 ke nan, mai wat 150 awa takwas zai cinye shi, ƙasa ma da haka in ka cire abin da inbata ke ci, mai wat 30 kuwa zai kwana ya wuni ya sake kwana. Ke nan arahar da ka samu wajen sayen Xeon za ka mayar da ita wajen mai sola da mai batir, har da riba. Lambobin nan misali ne, ka sayi ɗan mitan nan da ake sokawa a soket ka auna naka injin da idonka, ba shi da tsada.

Duk wat ɗin da ya shiga kuma zafi yake zama ya fito. Saba ta rak an yi ta ne don ɗaki mai AC, ka ajiye ta a shago a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu lokacin da zafi ke haura digiri 40, fankokinta za su tashi iya ƙarfinsu su ƙi sauka, ga ƙara ga ƙarin shan wuta. Hunturu ya zo kuma ta shaƙi ƙura ta toshe. Ranar da na buɗe tawa bayan hunturu ɗaya, ƙurar da ke tsakanin ƙarafan sanyayawar ta yi kauri kamar bargo, da buroshin fenti na share ta. In za ka sayi cikakkiyar saba, ka sa kuɗin AC da wutar da za ta riƙe AC ɗin da UPS mai kyau a cikin kasafin tun farko, in ba za su samu ba ka haƙura da ita.

Mataki na shida, manhaja da lasisi, wanda kusan kowa ke mantawa sai an gama saye. Windows 11 yana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da furosesan Intel zamani na 8 zuwa sama ko Ryzen 2000 zuwa sama, Xeon E5 v3 da v4 ba sa cikin jerin, kuma Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Akwai dabarun tsallakewa amma dabara ce, ba tabbas. Windows Home furosesa ɗaya kawai yake gani, in biyu ne a injin sai Pro. Windows Server kuma da yawan kor ake biyan lasisinsa, mafi ƙaranci 16 ga inji ɗaya, toh ka ga in ka ɗauko mai kor 28 don burgewa, kuɗin lasisi na halal ya hau. In da Ubuntu Server ko Proxmox ko TrueNAS za ka yi maimakon Windows, wannan duk ba ruwanka, kyauta ne kuma suna tafiya lafiya a tsofaffin Xeon. Masu buɗe cibiyar CBT kuma dan Allah ku fara karanta sharuɗɗan hukumar jarrabawar kafin ku sayi ko da waya ɗaya, abin da suka rubuta shi za su zo su duba, ba abin da ni ko mai shago muka ce ba.

Akwai kuma hanyar tsakiya da ba a cika faɗa ba. Yawancin Ryzen suna karɓar ECC UDIMM in madabod ɗin ya yarda, ASRock da wasu na ASUS suna rubutawa a bayanin kayan, sai dai irin 5600G da ba PRO ba ba ya yi. A Intel, Core zamani na 12 zuwa 14 da yawansu suna yin ECC in aka ɗora su a madabod mai cif ɗin W680. Akwai Xeon E na ƙananan ofisoshi, akwai EPYC 4004 da AMD ta fitar a 2024 wanda a soket ɗin AM5 yake zama, kusan Ryzen ne da rigar saba. Mai situdiyo da ke son gudu da yawan kor lokaci guda kuma aljihu ya yarda, Threadripper na AMD aka yi dominsa. Sannan in shafin intanet ne ko manhajar da mutane za su shiga daga waje, ka tambayi kanka ma ko kana buƙatar inji a ɗakinka, hayar VPS, wato sabar da ake haya a intanet, a wata sau da yawa ba ta kai kuɗin man janaretan sati ba.

Ga ƙaramin kemis, makaranta, ko shagon da kwamfutocinsa ba su wuce goma ba, abin da nake haɗawa yanzu shi ne destof biyu masu matsakaicin ƙarfi, ɗaya na aiki ɗaya na kwafar bayanan kullum da dare, da wani faifai na uku da mai shagon ke tafiya da shi gida. Ranar da ta farkon ta mutu, a jona ta biyun a ci gaba, kayan gyaranta kuma ko a Beirut Road a Kano ko Banex a Abuja ko Computer Village a Legas za ka samu a ranar, ba sai ka jira madabod ɗin saba ya taso daga Chaina ba.

In ka bi duk wannan har yanzu lissafi ya nuna saba, toh saura ranar saye. Tafi da filas ɗinka mai ɗauke da CPU-Z da HWiNFO da MemTest86 da CrystalDiskInfo da Cinebench. Buɗe CPU-Z ka tabbatar sunan furosesan ya yi daidai da abin da aka faɗa maka, in ka ga ES a jikin sunan ka ajiye, samfurin gwaji ne da ba a yi shi don sayarwa ba, wasu madabod ma ba sa karɓarsa. Kunna Cinebench ya yi minti goma kana kallon zafi a HWiNFO, in gudun yana faɗuwa ko injin ya mutu a tsakiya ka san akwai magana. MemTest86 ya zagaya ko sau ɗaya ne, kuskure ɗaya ya isa ka ce a canza RAM. In madabod daban za ka saya, haska fitilar waya cikin soket ɗin ka karkata shi, ƙananan alluran nan in ɗaya ta lanƙwashe za ka ga ta yi ƙyalli daban da sauran. Zare wayar fawa-fak ɗaya tana kunne ka ga ko ɗayan zai riƙe. Ka ƙirga tiren da ake zura faifai a ciki, don sau da yawa babu su ake sayarwa kuma kuɗinsu daban. Sannan kar ka bar shagon sai mai kayan ya buɗe maka iDRAC ko iLO a gabanka, in da fasuwod ɗin tsohon mai ita a kai ya goge shi ka saka naka, ka rubuta a takarda ka manna da salatif a cikin murfin.